Ɗauke-ɗauke a Bakin Dogon Gaundare

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba ɗan kamasho ba ne, ba mai kwalekwale ba, ba kuma jandarman Kamaru ba. Ni ne, Sada na Yasore, wanda ya yi aji huɗu a firamaren Batsari, ya fito da Turancin da bai cika tafin hannu ba, kuma har yau in an zauna a majalisa shi ke fassara wa mutane labarin duniya. Na rubuta wannan ne don masu ba da labarina a Safana su huta da ƙari. Abin da ya faru ma ya isa.

Abin da ya fitar da ni gida ba ya bukatar bayani ga wanda ya san yammacin Katsina a shekarun nan. Gona tana nan, amma zuwa gonar sai mutum ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka. Shanuna an kora su da rana tsaka. Muka tattara muka koma Safana, ni da matata Hajara, cikin ɗakin da mijin ɗiyata ya ba mu aro. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mani ido ba. Amma tuwon suruki, ko da man shanu aka yi miyar, a wuya yake tsayawa. Sai ga saƙo daga Alhaji Garba, abokin ƙuruciyata da ya daɗe a Gaundare ta ƙasar Kamaru, cewa in zan iya zuwa akwai aikin gadi. Na ce gadi ai aikin zama ne, ni kuwa na ƙware.

Jimeta ce ta fara gwada ni. Ƙafata ba ta gama taɓa ƙasar tasha ba wani saurayi mai gogaggen yadi ya karɓi jakata. Baba sannu da hanya, Baba ya iyali, Baba ya mutanen Katsina, har da durƙuso. Na ce a raina wannan ɗan gidan mutunci ne. Da na ce mashi Garwa na nufa, garin da ake bi a kai Gaundare, sai ya ce an gama: mota za ta kai ni bakin iyaka, daga nan jirgi zai ƙetare da ni, kuma in biya duka a hannunsa don kada in riƙa ciro kuɗi a gaban baƙi.

"Jirgi?" na ce.

"Jirgi, Baba."

Ban tambayi wane iri ba. Ɗan boko ba ya yawan tambaya a tasha. Na dai gyara zaman hulata, na shiga mota ina tausaya wa sauran fasinjoji.

Jirgin da na tarar a bakin kogin Faro kwalekwale ne, da babur a kwance a cikinsa, da awaki a ɗaure, da wani mutum yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Mai kwalekwalen bai taɓa jin labarin saurayina ba. Ya dube ni ya dubi ruwa, ya ce duk wanda ya biya a Jimeta, to ya koma Jimeta a ƙetare da shi. Na sake biya. Mu rafinmu na Yasore rabin shekara yashi ne, da ƙafa ake wuce shi ana hira. Wannan kuwa ja ne wur, yana tafiya da rassan itace kamar an aike shi. Muna kaiwa tsakiya na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɓare goro ta miƙo mani rabi, ta nuna mani in tauna. Ta kuma riƙe bakin rigata har muka taka ƙasa. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Daga can sai babur, sai taɓo, sai shingen jandarma, sai wani taɓon. Kowane shinge a karɓi katina a juya shi gaba da baya, a yi mani Faransanci, ni kuma in mayar da Turancin aji huɗu, kowa ya rabu da ɗan'uwansa bai ƙaru da komai ba. Abin da na dogara da shi Fillanci ne, don an ce ƙasar ta Fulani ce, ni kuwa da Fulanin Ruma na tashi. A Garwa na gane cewa Fillancina na shanu ne. Na iya cewa saniya ta ɗauki ciki, maraƙi ya ɓata, a kora su rafi. Da na tsayar da wasu dattawa a ƙofar masallaci don in tambayi inda baƙo ke kwana, kalmar da ta zo bakina ita ce walde, wato inda ake kwantar da garke. Suka yi dariya har ɗaya ya dafa bango. Shi wanda ya dafa bangon, wani tela, shi ne ya kai ni shagonsa ya shimfiɗa mani tabarma a tsakanin kekuna, da safe ya kawo shayi da burodi dogo kamar taɓarya, ya raka ni tasha, ya tsaya har ya ga na zauna a motar gaskiya.

Hanyar Gaundare hawa ce. Motar ta yi ta nishi tana zagaya dutse, kunnuwana suka toshe, sanyi ya shigo ta taga, ga ruwan sama da ba ya neman izini. Na iso ina rawar ɗari cikin rigar da a Safana zufa nake yi da ita.

"Sada, ka tsufa," in ji Alhaji Garba da ya gan ni.

"Kai halan yaro ka koma?"

Washegari ya kai ni wurin mai aikin, Hajiya Dudu, Bafulatana 'yar kasuwa mai sayen wake da masara tana lodawa a jirgin ƙasa zuwa kudu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, Hausarta kuma tsaf, sai dai harshen Fillanci da ke leƙowa. Tana da sito a bayan tashar jiragen kaya. Ta dube ni tun daga hula har silifa.

"Alhaji, wannan zai iya?"

"Hajiya, na san ubanshi, na san gidansu. In allura ta ɓata, ni ki kama."

Aikina na rana ne: daga lokacin da leburori suka tashi kafin azahar har magariba, sannan mai gadin dare ya karɓe ni. Aka ba ni benci da gora. Na riƙe wannan aiki da hannu biyu, don na san in ya kuɓuce ba abin da ke jirana sai ɗakin aro da tuwon suruki, ga kuma bakin Alhaji Garba da ya sa a kaina.

To amma zama, ashe, ba kowane iri na ƙware ba. Na iya zaman majalisa, inda akwai wanda za a tsokana. Nan kuwa ni ne, da bango, da ƙadangaru. In na zauna in miƙe, in na miƙe in zagaya sito, in dawo in zauna. Tuwon masararsu fari fat, miyar yakuwa, ba daddawa ko ta shaida. Ina rufe ido sai in ga gonata ta hanyar Zakka, gero ya fitar da kai, in buɗe in ga kwano da tsatsa. Ɗiyata Binta, malamar makaranta, ta ba ni waya mai hoto don mu riƙa ganin juna. In na kira Hajara na ga fuskarta, sai abin ya ƙaru maimakon ya ragu.

Ran nan ina zaune da kofin shayi a kan benci, sai na ga shayin yana rawa. Kafin in yi tunanin aljanu, ƙasa ta ɗauki gurnani, sannan wani kuka ya tashi a bayan katanga, kamar na bijimin da ya fi kowane bijimi. Na hau benci na leƙa. Rufin taragai kawai na gani suna wucewa, suna wucewa, ba su da niyyar ƙarewa.

Ku gane, mu ƙasarmu ba dogo. Jirgin ƙasa a littafin aji uku na san shi, an zana shi da hayaƙi kamar auduga. Na taɓa ganin layin a Funtuwa, awaki na kwance a kai. Amma abin da ransa, yana tafe yana girgiza hanjin mutum, sai a Gaundare, da furfurata.

Kashegari da na ji kukan, na taka zuwa kwanar katanga. Daga can ina ganin ƙofar sito, ba laifi. Bayan 'yan kwanaki na gane cewa daga mararrabar da dogo ya ratsa titi an fi ganinsa. Daga can ma in na yi ɗage ina hango rufin sito. Sai kuma na lura da wani tudu can gaba, inda layin ya yi lanƙwasa, mutum ya ga kan jirgi da wutsiyarsa a lokaci guda. Daga tudun ba a ganin sito ko kaɗan. Amma kwaɗon da ke ƙofar ya kai kan jariri, kuma ni na san ɓarawo da dare yake aiki. Wannan ilimi ne da na zo da shi daga gida, duk da cewa shanuna da rana aka kora.

A kan tudun na tarar da wani tsoho da rigar ruwa da hular sanyi, yana riƙe da kyamara mai dogon hanci. Kirista ne daga kudancin ƙasar, ya yi ritaya daga koyarwa, ana ce mashi Musye Pol. Ba ya jin Hausa, ba na jin Faransanci, Fillancinsa na cefane ne, nawa na shanu. Da ya ga na ɗaga waya ina harbin iska, sai ya matso ya gyara ni da hannu, kamar mai koya wa yaro riƙon garma. Ya juya ni rana ta koma bayana. Ya manna gwiwar hannuna a haƙarƙarina. Ya nuna in riƙe numfashi, in jira kan jirgin ya shiga lanƙwasa, sannan in taɓa. Da na duba abin da ya fito, wallahi sai da na zauna.

Daga nan na lalace.

Jirgin fasinja bai taɓa burge ni ba. Mota ce doguwa, kuma kowa ya san lokacinsa. Na kaya shi ne jirgi. Ba shi da alƙawari da kowa. Yau ya zo bayan azahar, gobe ya bar ka a tsaye har inuwa ta juya, jibi biyu su zo a jere. Kunnenka kullum a miƙe, ko alwala kake. Na koyi bambanta tankokin mai da taragon siminti tun daga ƙararsu. Na san kwantenonin da ake saukewa a ɗora wa manyan motoci zuwa Cadi, na san ɗaurin auduga masu gangarawa kudu. Abin da na fi so shi ne lokacin da zai tashi: kan ya ja, sai ƙarar ƙarfe ta bi taragai ɗaya bayan ɗaya har wutsiya, kamar yadda magana ke bin gidaje a ƙauye.

Akwai kuma taragon shanu. Ƙahoni na leƙowa ta tsakanin ƙarafa, wari na gida yana biyo iska. Ranar da na fara ganinsu ban ɗauki hoto ba. Akwai wata fara mai baƙin kunne da ta dube ni har jirgin ya sha kwana. Na san ba tawa ba ce, ina Batsari ina nan. Musye Pol ya ga fuskata, ya ciro gyaɗa daga aljihu ya zuba mani a hannu, muka tsaya muna ɓarewa.

Mutumin nan, in la'asar ta yi na shimfiɗa hiramin wuyana zan yi salla, sai ya karɓi wayata ya tsaya da ita a shirye. In jirgi ya zo ina cikin raka'a, ya ɗaukar mani. Ni kuma Allah ya yafe mani irin sallolin da na yi a tudun nan, kunne ɗaya na wurin Ubangiji ɗaya na kan dogo.

Hotunan gida nake turawa. Ran nan Hajara ta kira.

"Malam, mun ga jirgi."

"Kin ga na jiya? Mai tankoki?"

"Mun gani. Mun ga na shekaranjiya ma. Binta ta ce in tambaye ka, wayar nan ba ta ɗaukar mutum ne? Wata nawa ba mu ga ko hularka ba, kullum ƙarfe."

"Ke ba ki san darajar abin ba."

"To. Mutane dai na ta yi mani barka, wai ka samu aikin jirgi."

Ban ce na samu ba. Ban kuma ce ban samu ba.

Haka damina ta yi nisa. Ran da abin ya faru, jirgin ya yi mana yawo da hankali, bai zo ba sai da la'asar ta yi sanyi, amma da ya zo, kai biyu ke jansa, abin da ban taɓa gani ba. Na gangaro ina murna ina duba waya. Kwaɗo na nan a ƙofa yadda na bar shi, na ma shafa shi. Sai da na zagaya baya na ga an ɗage kwano biyu, ga sawun tayar mota a taɓo, ga wake ya zube har bakin hanya, kaji na biki. Mai shagon kusa ya ce ai da rana tsaka suka zo da a-kori-kura, suka yi lodi ba gaggawa, shi ya ɗauka Hajiya ce ta aiko tunda bai ga maigadi ya hana ba.

Kafin magariba ina ofishin jandarma.

A nan wasa ya fita daga raina, na ɗan lokaci. Ba ɗaurin nake tsoro ba. A garinmu yanzu, in aka ce mutum ya haɗa baki da ɓarayi, kalma ɗaya ce ake liƙa mashi, infoma, kuma ba sabulun da ke wanke ta. Labari kuwa ba ya bukatar kwalekwale, waya ɗaya ce ya isa Safana. Na tuna Hajara za ta je rijiya, Binta za ta shiga aji. Na ce ko me za a yi, kada wannan suna ya riga ni gida.

Babban jandarman, wani ƙato mai tabarau, ya sa aka kira tafinta daga kasuwa. Sai ga wani magidanci mai ɗan gemu, Isiyaku, ya yi sallama da Hausa. Jin sallamar nan kaɗai sai da ƙirjina ya sauka. Muka gaisa, na tambaye shi mutumin ina ne.

"Nan aka haife ni, Baba. Amma kakana daga Haɗeja ya zo."

Haɗeja. Jama'a, Bakatsine da Bahaɗeje ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba, ko a zaman makoki ne. Abokan wasa ne tun kakanni. Ni da na yi watanni ban samu wanda zan tsokana ba, ga Allah ya kawo mani nama har ofishin hukuma. Tsoron nan duk ya bi iska. Na gyara zama.

"Ashe bawana aka kawo mani. To zauna da kyau, ka yi wa ubangidanka aiki."

Ya ɗan ɗaure fuska, ya faɗa wa mai tabarau wani abu, shi kuma ya rubuta. Na ce a raina Bahaɗejen nan gwani ne, yana wasan da fuskar shanu.

"Ya ce in ka bar sito, ina kake zuwa?"

"Bakin dogo."

"Yin me?"

"Ɗan ɗauke-ɗauke."

Na faɗe ta ina kallonsa ta wutsiyar ido, ina jira ya ce ai dama Katsinawa an san ku da hannu, ni kuma in rama, sannan in ciro maganar hoto a yi dariya. Bai ce ba. Ya juya ya yi Faransanci.

"Tun yaushe kake ɗauke-ɗauken?"

"Tun da na zo garin nan. Ranar da ban ɗauka ba barci ba ya yi mani daɗi."

"Me da me kake ɗauka?"

"Duk abin da jirgi ya ɗauko. Mai, siminti, auduga. Har shanu."

"Ina kake kaiwa?"

"Gida nake turawa. Matata ma ta ce ya ishe ta."

"Kai kaɗai ne?"

"Mu biyu ne. Ɗayan ya fi ni kayan aiki, shi ya koya mani."

Biron mai tabarau har gudu yake. Sai da na ga ya cire tabarau ya dube ni, ya kira wani ya zo ya tsaya a bayana, sannan na farga.

"Kai Isiyaku, hoto fa nake nufi. Hoto. Ga waya nan, a duba."

Aka duba. Na ɗauka an gama, ashe an fara. Tarago, tarago, tarago, ta gaba, ta gefe, har da waɗanda na matsa kusa na ɗauki ƙofofinsu da sakatunsu don sun ba ni sha'awa. Mai tabarau ya yi tambaya ɗaya, Isiyaku ya juyo da ita.

"Ya ce wane ne zai tara hoton taragon kaya haka, in ba mai shirin fasa su ba?"

Na buɗe baki. In ce don yana da kyau? In ce don in yana wucewa ina mance ɗakin aro? Ko da Hausa ban san yadda ake faɗin wannan ba, balle a kai shi Faransanci ta bakin Bahaɗeje. Aka karɓe hulata da silifa, aka tura ni ciki.

Alhaji Garba ya zo da safe, ya tsaya a bakin ƙarfe, idonsa ja.

"Sada, mi ka faɗa masu? An ce ka amsa laifi, har da wanda ba a tambaye ka ba."

"Wasa nike da Bahaɗeje."

"Wane Bahaɗeje? Wanga yaro bai taɓa taka Najeriya ba. Haɗeja a bakin kakanshi ya ji ta. Shi dai ya ga tsoho ya kira shi bawa a gaban hukuma."

"To ai sai ya tambaya."

"Kai ka tambaya da aka ce maka jirgi a Jimeta?"

Na yi nadamar ba shi wannan labari. Na dai kwatanta mashi tudun, da tsoho mai rigar ruwa, na roƙe shi don Allah kada ya kira gida tukuna.

Sai da na ƙara kwana aka fito da ni. A ofishin na tarar da Alhaji Garba, da Isiyaku, da Hajiya Dudu a zaune a kujera ta naɗe hannu, da Musye Pol cikin kwat da taye, rungume da wata ƙatuwar ambulan. Ashe mutumin sananne ne, rabin garin shi ya koyar da su. Yana ganina ba hula ya cire tasa ta sanyi ya ɗora mani. Sannan ya zazzage hotuna a kan tebur, waɗanda ya wanke a takarda, ya fara jawabi. Ban ji ko kalma ba, amma na ga yana nuna ni yana dafa ƙirji.

Na leƙa hotunan. Jirage ne, amma a gefen kowanne ga wani tsoho baki buɗe, waya a sama, gorar gadi a hammata. Ga ni da shuɗiyar riga, ga ni da fara, ga ni da buhu a ka ana ruwa. Ga na ranar sata, kai biyu na jan jirgi, ni kuma kamar zan tashi sama.

Isiyaku ya riƙa juyawa da Hausa, wannan karon don Hajiya ta ji da kyau, kuma na lura bai rage ko gishiri ba.

"Ya ce mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ya rantse. Ya ce ranar da aka yi satar suna tare tun azahar har rana ta yi ja. Ya ce ba ranar kaɗai ba, kullum suna tare. Ya ce ko ranar da aka yi ruwan ƙanƙara shi ya fake, amma Baba bai motsa ba. Ya ce shekararsa da yawa yana wannan abu, bai taɓa ganin mai naci irin Baba ba. Ya ce wani lokaci ma Baba ke riga shi zuwa."

Kowace jimla tana cire ni daga hannun hukuma tana miƙa ni ga Hajiya. Na so in taka ƙafar Musye Pol ya tsaya haka nan, amma mutumin ya yi nisa, har idonsa ya kawo ruwa don ƙauna. Alhaji Garba ya sunkuyar da kai yana kallon tayil. Mai tabarau ya ɗauki hoton buhu a ka, ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Ya yaga takardar da ya rubuta, ya sa aka miƙo mani wayata da silifa.

Muka fito harabar. Rana ta haske ni, na ji kamar an sauke mani buhu daga ka. Sunana ya tsira, ba abin da zai je Safana sai abin dariya, wannan kuwa na saba. Saura aikin. Na ga Hajiya ta nufi motarta, na bi ta da sauri, na ɗan rusuna, na tattaro duk natsuwar da ta rage mani.

"Hajiya, ranki ya daɗe, kin dai ji da kunnenki, kuma daga bakin malamin makaranta. An bincike ni ciki da waje. Ƙwayar wake ɗaya ban taɓa ba. A zamanin nan samun maigadi mai amana irin wannan sai an tona. Gobe in fito da wuri?"

Daidai nan, can ƙasan gari, jirgi ya yi kuka. Na rantse ban yi niyya ba. Wuyana ne ya juya da kansa, hannuna kuma ya tafi aljihu.

Da na juyo tana kallona. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, tsakanin kai da ɓarawon, shi kaɗai ne ya damu da wakena. Da zan same shi, shi zan ba gorar."